Wasiƙa Ga Iyaye Kan Malamai Masu Koyon Aiki Da Tarbiyyar Yaro Gaba Ɗayansa

Zuwa ga iyaye da masu riƙon ɗalibanmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna sanar da ku cewa a wannan zangon karatu mun karɓi ɗaliban kwalejin horar da malamai da suka zo koyon aikin koyarwa, kowannensu a ƙarƙashin kulawar malamin aji. Tun makon farko wasu iyaye suka fara tambayar dalilin da ya sa yaran aji uku suke komawa gida da gwangwanin madara cike da ƙasa an shuka wake a ciki, suna auna tsayin tsiron da tsinke kullum da safe suna rubutawa a littafi. Tambayar tana kan hanya, don haka muka ga ya dace mu bayyana inda wannan tsari ya samo asali.

A darasin tarihi da falsafar ilimi, ana koya wa waɗannan matasa cewa yaro yana shigowa aji da hankalinsa da jikinsa da zuciyarsa, har da yunwar da ya baro gida da ita, kuma malami yana da alhakin kula da su duka. Wanda aka fi dangantawa da wannan ra'ayi a ƙasashen Turai shi ne Johann Pestalozzi, mutumin Suwizalan da ya rayu daga 1746 zuwa 1827. Bayan sojojin Faransa sun ragargaza yankin Nidwalden a 1798, an damƙa masa marayu kimanin 80 a garin Stans, ya zauna da su, abincinsu ɗaya, makwancinsu ɗaya, yana koya musu ƙidaya da abubuwan da suke iya taɓawa da hannu. A nan ya ƙara tabbatar da cewa yaron da bai samu natsuwa da ƙauna ba, karatu ba ya zama a kansa, kuma daga aikinsa aka samo ƙa'idar nan ta horar da kai da zuciya da hannu tare. Friedrich Froebel, Bajamushen da ya ƙirƙiro makarantar renon yara, ya yi zama a makarantar Pestalozzi da ke Yverdon, ita kuwa Maria Montessori, malama 'yar ƙasar Italiya mai irin wannan ra'ayi, ta buɗe makarantarta ta farko ta ƙananan yara a wata unguwar talakawa ta birnin Rum a 1907.

Sai dai mun ja hankalin baƙin namu cewa kada su ɗauka wannan tunani baƙo ne a wurinmu. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya rubuta cewa yaro amana ne a hannun iyayensa, zuciyarsa kuma tamkar tsarkakakken dutse mai daraja ce da ba a zana komai a kansa ba, tana karɓar duk abin da aka zana mata. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta tura jajojinta, wato matan da ta horar su zama malamai, zuwa ƙauyuka suna karantar da mata ta hanyar waƙoƙi, suna haɗa sanin addini da gyaran hali da taimakon mabuƙata. Bahaushe ma bai taɓa raba ilimi da tarbiyya ba, shi ya sa ake cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A ganinmu, babban haɗarin da ke gaban sabon malami shi ne ya shagala da wasa da shuka har ya yi sakaci da karatu da lissafi, musamman a aji mai cunkoso. Saboda haka muke duba shirin darasin kowannensu kafin ya shiga aji, muna tabbatar da cewa tsiron waken ya kai yaro ga awo da ƙidaya da rubuta jimla, ya kuma koya masa haƙuri da riƙon amana.

Roƙonmu gare ku shi ne ku ajiye gwangwanin inda rana take samunsa, nesa da awaki, ku riƙa tambayar yaranku abin da suka gani, ku kuma daure su karya kumallo kafin su fito. Za mu gabatar muku da waɗannan malamai a taron iyaye da malamai mai zuwa, inda yaran aji uku za su kawo shukarsu da littattafan awonsu.

Naku,
Shugaban makaranta