Tsakanin tukubar mai tsire da gidan nama mai tsada

Edita, assalamu alaikum.

Ina neman ɗan fili a jaridarka kan wata gardama da ta ƙi ƙarewa a majalisun ƙauyukanmu. Mutum zai shiga Kano ko Abuja, a kai shi irin gidajen abincin nan masu sanyin na'ura inda ake gasa yankan naman sa mai kauri, wanda suke kira sitek. Sai ya dawo yana cewa an cuce shi: yanka ɗaya tal, cikinsa jajir, kuɗinsa kuwa ya isa a kwashe rabin tukuba a kasuwar Wudil ranar Juma'a. Na kusa da shi ya ce ai ƙauyanci ne, haka manya ke ci. A ganina gardamar za ta yi sauƙi in aka koma kan san da kansa: ina aka yanko, kwana nawa naman ya yi kafin ya hau wuta, kuma wa ya duba shi.

Duk mahauci ya san naman sa ba ɗaya ba ne. Cinya da karfata da wuya su ke aiki, su ke jan garma da amalanke, don haka jijiya ta yi musu yawa. Tsokar gadon baya, da wadda ke kwance a ƙarƙashin ƙashin baya ta ciki kusa da ƙoda, ba sa wahala, shi ya sa suke da taushi. Ta cikin nan ita ce mafi tsada, domin ba ta wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na naman sa guda. Daga waɗannan wurare ake fitar da sitek. Mai tsire kuwa yana iya ɗaukar cinya ya fere ta falle-falle, ya tsire a tsinke, ya shafe da ƙuli da man gyaɗa. Ferewar ce ta karya ƙarfin jijiyar. Da zai yanko cinyar nan da kaurin yatsu biyu ya ɗora a garwashi, da sai mai haƙoran kura.

Sai maganar kwana. Sa'o'i kaɗan bayan yanka, tsoka takan sandare ta yi tauri, kuma ba ta sakin jiki sai bayan kwana ɗaya ko biyu. Mu a karkara ba mu da inda za mu ajiye ta, don haka yankan safe shi ne balangun yamma. Gidan nama na gaske yana rataye naman a ɗakin sanyi mai digiri 1 zuwa 3, mako biyu zuwa huɗu. A wannan zaman naman yana laushi da kansa, ruwa yana fita, nauyi yana raguwa, bayansa ya bushe a fere a zubar. Wannan asarar, da man janareton da bai isa ya mutu ko na dare ɗaya ba, duk suna cikin kuɗin da aka rubuto maka. Ƙari a kan haka, yawancin Bunaji da Rahaji da ake kaiwa Maigatari ranar Alhamis ko Dambatta ranar Lahadi sun sha tafiya, wasu ma tsofaffin shanun huɗa ne. Kitsensu yana tozo da cikin ciki, bai ratsa tsoka ba. San da aka ɗaure a turke wata uku ko huɗu yana cin dusa da harawa shi ya fi dacewa da irin wannan gashi.

To in mutum ya zauna a irin wannan wuri, me zai lura da shi? Nauyin da ke rubuce a takardar abinci, giram 250 ko 300, na ɗanyen nama ne. Bayan gashi kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi. Ma'aikaci zai tambayi yadda kake son gashin, kuma nan ne baƙo ke yin shiru ko ya ce "yadda kuka saba". Kada ka ce haka. Matakan gashin, da zafin tsakiyar nama ake auna su: wajen digiri 50 jajir ne, wajen 60 ja-ja ne kaɗan, wanda suke ce wa midiyam, daga 70 zuwa sama ya gasu har ciki, shi ne wel-don. Ba abin kunya ba ne ka nemi na ƙarshen, sai dai ka zaɓi yankan da ke da kitse, na wajen haƙarƙari, don maras kitse in ya kai can bushewa yake kamar kilishin bara. Jan ruwan da ke kwanciya a faranti kuma ba jinin yanka ba ne, ruwan tsoka ne mai launin ja. In ya yi yawa, alama ce ba a bar naman ya huta minti biyar bayan an sauke shi ba. In za ka yanka, ka gitta wa zaren tsokar wuƙa, kada ka bi tsawonsa. Ka kuma tambayi abin da aka haɗa romon da ake zubawa a kai, domin a girkin Turawa akwai wanda ake sa wa giya.

Abin da ya fi damuna shi ne masu son kwaikwayon jan naman nan a gida da naman kasuwar ƙauye. Hujjar masu cin sa ja ita ce ƙwayoyin cuta a bayan yanka suke zama, wuta mai ƙarfi kuma tana kashe su. Gaskiya ne, amma ba ta shafi tsutsar ciki mai faɗi ba, wadda 'ya'yanta ke zama cikin tsokar saniya kamar ƙwayar shinkafa fara, musamman a harshe da zuciya da muƙamuƙi. Inda shanu ke kiwo a filin da mutane ke bahaya, tana nan. Likitan dabbobi a kwata yana tsaga waɗannan wuraren ya duba. San da aka yanka a bayan kasuwa ba wanda ya duba shi. Irin wannan nama a gasa shi har jan ya ɓace. Niƙaƙƙen nama kuwa, ko a ina ne, sai ya kai digiri 71, kaza 74, saboda niƙa ta riga ta cusa abin da ke waje zuwa ciki.

Rumfar mai abinci ta bakin tasha ita ma tana da nata ka'idar, kuma a nan lokaci ne komai. Tuwo da miyar kuka ko shinkafa da wake da aka sauke da hantsi lafiya lau ne da azahar. Matsalar tana farawa in abinci ya huce ya zauna ɗumi-ɗumi, tsakanin digiri 5 da 60, inda ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. A zafin bazara sa'a ɗaya zuwa biyu ta isa. Shinkafa ta fi haɗari, don gubar da ke taruwa a cikinta ɗumame ba ya kashe ta. Ka je inda layi yake, inda tukunya ke ƙarewa a ɗora wata. Ka leƙa bahon wanke-wanke: in ruwa ɗaya ne tun safe, ya yi kauri da mai, ka wuce gaba. Man suya da ya yi baƙi yana kumfa ya gaji.

Wajen mai tsire ma haka ne. Tsiren da ya kwana aka sake shafe shi da mai da ƙuli yakan yi duhu, ya ƙanƙance a jikin tsinke, ƙulin ya yi ɗan ɗaci. Ka sa a mayar maka da shi kusa da wuta har ya yi ƙara, kuma a yanka a kan katako daban da na ɗanyen nama. Naɗi a tsohuwar jarida ko takardar buhun siminti ya kamata a daina, ko da jaridarka ce, Edita.

A gidan tsada, kafin ka ce a kawo, ka tambaya ko an haɗa harajin kaya na kashi 7.5 cikin 100 da kuɗin hidima a farashin da aka rubuta, sannan ko dankali da ganye suna tare da naman ko kowanne da kuɗinsa. Yawancin rigimar bakin kanta daga nan take tashi.

Roƙona ga sarakunan fawa da ƙananan hukumomi shi ne kowace kasuwar mako ta samu dandamalin siminti na yanka, da ruwa, da ma'aikacin lafiyar dabbobi da zai iso kafin a fara fiɗa.

Naka mai karatu,
daga ƙaramar hukumar Wudil, jihar Kano.