Zuwa ga Edita: Me ke sa tsohuwar libarba tsada, kuma ina namu suka shiga?

Assalamu alaikum Edita, barka da aiki, Allah ya kara basira.

Dan Allah a bani dan fili inyi magana akan wani abu da nasan wasu zasu ce meye hadinmu dashi, wato kasuwar tsofaffin bindigogin hannu irin libarba, masu tukunyar harsashi da take juyawa, wadanda masu tara kayan tarihi a Amurka da Ingila suke saye da sayarwa a gwanjo. Tun farko in fada, ba talla nake wa bindiga ba, mu a arewa mun ga abinda bindiga tayi mana a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Borno, akwai gidajen da har yau basu daina kuka ba, kuma dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta saka libarba cikin wadanda aka haramta sai da lasisin shugaban kasa, kuma ni ina goyon bayan hakan dari bisa dari. Abinda ya dade yana jan hankalina shine yadda zaka ga bindigogi biyu zamaninsu daya, harsashinsu daya, aikinsu daya, amma a kasuwa daya ta ninka daya kudi, kuma idan ka bi dalilin zaka tarar akwai abinda ya shafe mu a ciki.

Dauki Colt Python da Smith & Wesson Model 27. Dukansu na Amurka ne, dukansu harsashi shida suke dauka, irin harsashin da ake kira .357 Magnum. Ita ta Smith & Wesson ma ta girmi Python nesa ba kusa ba, asalinta tun 1935 lokacin da kamfanin ya fito da wannan harsashi, sai a 1957 aka fara kiranta da lamba 27. Python kuwa 1955 ta fito akan dala 125, da wani irin shudin fenti mai sheki da ake gogewa da hannu, kayan cikinta ma da hannu ake daidaita su daya bayan daya. To yau idan aka kawo su gwanjo dukansu lafiya lau, galibi Python ce take tafiya da kudi mai tsoka, sau da yawa har ninki biyu, alhali masu gyaran bindiga da yawa a can zasu gaya maka ta Smith & Wesson tafi juriya kuma tafi saukin gyara, ita Python idan cikinta ya goce samun wanda ya iya ta aiki ne. Me ya kawo haka? Colt sun daina kera ta da yawa a 1999, suka rufe gaba daya a 2005, mutane suka ga abu ya kare, sai kuma wani shirin talabijin na Amurka ya saka ta a hannun jarumin shirin shekara da shekaru, matasa da basu taba rike ta ba suka fara nema, farashi ya haura. Ko da Colt suka dawo da sabuwa a 2020 masu tarawa basu saki tsohuwar ba, don su ta hannun tsofaffin makeran suke so. Ni a ganina Model 27 an rage mata daraja, kuma wanda yake kallon ingancin aiki ba suna ba ita zai dauka.

Amma kar ace Smith & Wesson basu da tasu mai tsada. Na farko farkon nan na 1935 zuwa 1939, da ake kira Registered Magnum, kowace daya oda ake bayarwa a kera maka da tsawon bakin da kake so, a buga mata lambar rajista a baka takardar shaida, guda dubu biyar da 'yan kai aka yi, ta farko an baiwa J. Edgar Hoover shugaban hukumar bincike ta Amurka FBI na lokacin, Janar Patton na sojan Amurka ma ya rike irinta. Irin wannan idan ta fito da takardarta to Python ta gama gari bata kama kafarta. Haka kuma a cikin gida daya akwai Model 28 da aka fitar a 1954 saboda 'yan sanda, jikinta daya da 27, kawai ba'a bata lokaci wajen goge ta ba, kuma har gobe tana kasa da yayarta a farashi.

Wadda tafi damuna dai ita ce ta Ingila, Webley da Enfield. Bayan yakin duniya na daya sojan Ingila suka ga Webley mai harsashi .455 tayi nauyi, suna son karama mai .38 (lambar fadin harsashi kenan), kamfanin Webley na Birmingham ya kawo samfuri, sai gwamnati ta dauki abin ta kai masana'antarta ta Enfield aka fito da Enfield No. 2 a 1932, mai kama da ta Webley sosai da sosai. Webley suka kai kara suna neman fam 2,250, daga karshe wani kwamiti ya basu fam 1,250. Da yakin duniya na biyu ya zo Enfield ta kasa wadatar da soja, dole aka koma aka sayi Webley Mk IV mai .38 din da aka ki da farko. Kaga bindigogi biyu kenan da suka yi yaki daya a hannun soja daya, amma yau masu tarawa sun fi karkata ga Webley saboda sunan, kuma yawancin Enfield din da ake samu irin wadda aka yanke wa dan kunnen nan ne da ake ja da babban yatsa, tun 1938 aka fara yin su haka, wannan yasa wadda take da kunnenta na asali tafi wuyar samu kuma tafi kudi. Akwai ma wasu Enfield da kamfanin motoci na Albion a Scotland ya kera lokacin yaki, su kuma karancinsu ne yake daga su.

Sai babbar Webley mai .455 din, anan ne zaka gane abinda ake nufi da asali. Bayan yaki an kwashi da yawa an kai Amurka a matsayin ragowar kayan soja, to harsashinta yana da wuyar samu a can, sai 'yan kasuwa suka rika aske bayan tukunyar don ta karbi harsashin Amurka, a lokacin dabara ce ta sayar da kaya, amma yau duk wadda aka aske darajarta ta fadi, wadda ba'a taba ba ita ake rububi. Haka wadda aka sake wa fenti, ko aka canza mata kota, ko lambar jikinta bata yi daidai da ta tukunyar ba. Duk wanda ya taba zuwa sayen mota a hannun dillalai yasan tambayar farko, fentin kamfani ne ko an sake, injin nata ne ko an sauke, to haka abin yake a can, gara tsohon fenti da ya kode da sabo mai kyalli. Doka ma tana taba farashi, a Amurka bindigar da aka kera a 1898 ko kafin nan dokar tarayya tana daukarta kayan tarihi, cinikinta yafi sauki, don haka shekara daya tak tana iya raba kudin bindigogi biyu. A Ingila kuma da aka haramta bindigogin hannu a 1997 bayan kisan yara 'yan makaranta a Dunblane, sai da suka bar kofa ta musamman ga masu muhimmancin tarihi, karkashin sharudda masu tsauri.

Abinda yafi duk wadannan karfi kuwa shine sanin hannun wa ta fito. Colt Single Action Army ta 1873 an kera ta da yawan gaske, amma guda daya da jami'in tsaro Pat Garrett ya harbe shahararren dan ta'adda Billy the Kid da ita a 1881 an sayar da ita a gwanjon Bonhams a 2021 akan sama da dala miliyan 6. Libarba biyu kirar Remington na Janar Ulysses Grant, tsohon shugaban Amurka, sun tashi sama da dala miliyan 5 a 2022. Colt Walker ta 1847, da guda 1,100 kacal aka yi, daya ta kai dala miliyan 1.84 a 2018. Karfen ba na zinare bane, abinda ake biya shine takarda da jerin hannayen da ta bi, shi yasa Colt da Smith & Wesson har yau ana rubuta musu a biya kudi su duba tsofaffin littattafansu su baka wasika mai nuna ranar da bindiga ta bar masana'anta da inda aka aika ta.

To Edita ga inda abin ya shafe mu. Webley ta zama bindigar hannu ta sojan Ingila a 1887, samfurin Mk IV mai .455 ya shigo aiki a 1899, wato irinta ce a kugun hafsoshin zamanin da Kanal Morland, kwamandan sojan Turawa, ya shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, aka ci Sakkwato a watan Maris, aka yi Burmi a watan Yuli inda Sarkin Musulmi Attahiru na daya yayi shahada, sannan Satiru a 1906. Gaskiya ne manyan bindigogi irin Maxim ne suka yi mafi yawan barnar, amma libarba ita ce ta jikin Bature, kuma daga baya kakanninmu da aka dauka soja aka kai su Habasha da Burma sun yi aiki karkashin hafsoshi masu rataye da wadannan Webley da Enfield din da nake magana. Wannan tarihinmu ne, mai daci ne amma namu ne, kuma yaro dan makaranta da ya karanta labarin Burmi a littafi ya cancanci ya ga kayan da aka yi yakin dasu da idonsa, na bangarensu da na bangarenmu, bindigar toka da takubba da sulke da kwari da baka, kowanne da rubutu a gefensa na wanene kuma daga ina.

Tsorona shine mu bama rubutawa. Tsoho zai rasu da labarin abinda ke cikin akwatinsa, 'ya'ya su tsorata su jefa a rijiya ko masai, ko wani dillali ya karba da kudin cefane ya fitar dashi waje, alhali dokar hukumar gidajen tarihi ta kasa ta 1979 ta hana fitar da kayan tarihi ba tare da izini ba. A daya bangaren kuma cibiyar nan ta kasa da aka kafa a 2021 don dakile yaduwar kananan makamai tana lalata wadanda aka kwato, kuma hakan daidai ne, ina addu'a su kara kaimi, rokona kawai kafin a kona ko a yanka a kira masanin tarihi daya daga hukumar gidajen tarihi ko Arewa House a Kaduna ya duba, idan aka ci karo da wadda take da tambarin sojan Ingila na wancan zamani a kashe ta yadda ba zata sake tashi ba, a rubuta lambarta da inda aka samo ta, a kai ta Gidan Makama a Kano ko gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato.

Ga iyalai kuma da suka gaji irin wannan, dan Allah kar a goge, kar a kai wa makeri, kar a sayar, kuma kar a boye don laifi ne babba, a bi ta hannun mai unguwa ko hakimi a sanar da 'yan sanda a mika, amma kafin nan a zaunar da dattijon gidan a dauki muryarsa a waya ya fadi yadda ta shigo gidan da sunan wanda ya kawo ta. Ku ma Edita ina rokon ku tura wakilinku wadannan gidajen tarihi ya dubo mana wane makamai na 1903 suke ajiye dasu, a wane hali suke, kuma ko akwai rajistar da aka rubuta asalin kowanne, ku buga mana da hotuna.

Nagode da wannan dama, a gaida ma'aikata baki daya.

Naku,
Mai karatu daga Kano