Godiya ta musamman ga ma'aikatan ofishin Bologna Welcome da ke Piazza Maggiore

Assalamu alaikum jama'a. Wannan wasiƙa ta godiya ce zuwa ga ofishin karɓar baƙi na birnin Bolonya a ƙasar Italiya, wanda suke kira Bologna Welcome. Na rubuta da Hausa ne don 'yan uwana 'yan kasuwa masu zuwa can su san inda za su nufa, su kuma ma'aikatan akwai wani yaronmu ɗalibi da ya ce zai juya musu da yarensu.

Ni ɗan kasuwar tayil ne a Ƙofar Ruwa, baje kolin tayil na Cersaie da ake yi duk watan Satumba shi ya kai ni, ni kaɗai, ba aboki ba tafinta. Daga filin jirgi wani ɗan ƙaramin jirgin ƙasa mai bin saman gada, Marconi Express, ya sauke ni tasha cikin kamar minti 7, to daga nan fa ido ya raina fata, kowa sauri yake ba mai kallon wani. Da aka tashi daga baje koli na samu sarari sai na ce bari dai in ga gari, mai otal ya ce in je babban dandali akwai ofis a ƙarƙashin wani tsohon gini mai suna Palazzo del Podestà.

Wata baiwar Allah na tarar a kanta, da ɗan gilashinta rataye a wuya. Wallahi yadda ta saurare ni da gurguwar Turancina ba ta ƙosa ba shi ne abin da ya fara burge ni. Na ce ina so in hau dogon hasumiyar nan Asinelli mai tsawon mita 97, ta ce min gaskiya a rufe take tun Oktoban 2023 saboda 'yar uwarta Garisenda ta karkace da yawa ana gyara, kar in ɓata ƙafata, in hau hasumiyar agogo da ke nan dandalin. Na hau kuwa, rufin gidajen garin duk ja jawur har gindin tsaunuka.

Amma babban abin da ya sa na ɗau alƙalami maganar abinci ce. Ban ma gama tambaya ba ta gane, ta jawo taswira ta juya bayanta ta fara rubutu da biro. Ta ce garin nan garin naman alade ne, mortadella alade ne, tortellini, wata taliya da ake cusa wa nama, akwai alade a ciki, miyar ragù ma yawanci ana haɗawa da shi, har burodin piadina da tigelle wasu da kitsen alade suke kwaɓawa, in tambaya ko akwai strutto, wato kitsen aladen, kafin in saya. Kai jama'a! Burodi fa. Wa zai kawo wannan a ransa? Ta ce in nemi taliyar tortelloni (ba tortellini ba) mai cuku da ganye da man shanu, ta zana min unguwar Bolognina bayan tashar jirgi inda mahautan halal suke, ta kuma sa alama a masallacin Via Pallavicini da bas ɗin da zan hau. Takardar nan ta fi min komai amfani a tafiyar.

Garin kuwa, abin da ba zan manta ba shi ne rumfunan nan da suka bi gefen tituna, ka yi ta tafiya ruwa na zuba ko ɗigo bai taɓa ka ba. Matar ofishin ta ce duka sun kai kilomita 62, UNESCO ta sa wasu daga cikinsu cikin kayan tarihin duniya a 2021. Ni da yake sana'ata ce, mutane na kallon sama ni ƙasa nake kallo, daɓen tsakuwar marmara ne aka goge ya yi santsi, ƙafafu sun cinye shi har ya ɗan lotsa a tsakiya amma ba tsaga, na tsuguna na shafa wani tsoho yana min dariya. Ita ce ta zuga ni in bi rumfar da ta hau har cocin San Luca da ke kan tsauni, kusan kilomita 4 mai baka 666, rabin ƙarshe duk hawa ne, na isa sama gwiwa na rawa kamar wanda ya hau Dala da azumi. Ɗalibai kuma ko ina, don jami'arsu tun 1088 take. Laburaren Salaborsa ma kyauta ake shiga, ƙasansa gilas ne kana hango ginin Rumawa a ƙarƙashin takalminka.

Abu ɗaya dai ba ku da hannu a ciki, tsadar ɗaki lokacin baje koli ta wuce misali, duk mai zuwa ya kama otal da wuri.

To ma'aikatan Bologna Welcome, musamman ke baiwar Allah mai gilashi, ko sisi ba ki karɓa ba kuma ba ki tura ni shagon kowa ba. Na gode, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya ƙara ɗaukaka. A gaida sauran abokan aiki.

Naku,
Wani ɗan kasuwar tayil daga Kano