Na farke babi na huɗu

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ya Legas, ya iyali, ya ɗiyata sarkin kukan dare, ince ta fara tafiya? Wata bakwai rabon da mu yi magana ta kirki, sai dai gaisuwar Juma'ar nan da kake tura ma kowa da kowa a WhatsApp, ita kuwa ban lissafa ta cikin zumunci, ka ji na faɗa maka.

To albishirinka. Na gama littafin! Daren Talata wajen ƙarfe biyu na sa aya ta ƙarshe, bisa teburin yanka, don nan nake rubutu in yaran shago sun tashi. Shekara uku kenan tun ranar da na karanta maka shafin farko gindin bedin nan na Ƙofar Marusa, kana ɓarar gyaɗa kana ce mani ci gaba ci gaba.

Babi na huɗu ne ya riƙe ni, wata takwas cur. Kullum in na karanta sai in ji bai zauna ba, sai in ƙara mashi karin magana, in ƙara kwatance, har Gobarau na je sau biyu da la'asar don in ga yadda rana ke sauka jikin hasumiyar in sa a ciki, duk a banza. Sai cikin azumi, ka san yadda shago yake lokacin ɗinkin Sallah ba barci ba hutu, wani Alhaji ya kawo shadda yadi 10, babbar riga da 'yar ciki da wando, yarona ya haɗa kafaɗar 'yar cikin a karkace, wai in bari in an yi aikin wuya ba wanda zai lura. Kawai na ji bakina na faɗa mashi maganar Maigida, Allah ya jiƙan shi, cewa rigar da ta karkace daga haɗi ado bai miƙe ta. Na miƙa mashi reza. Ina tsaye yana tsinke zaren ɗaya ɗaya yana hura hanci, wallahi sai gabana ya faɗi, don abin da nake ma babin nan kenan wata takwas, ina ta zuba mashi aiki bisa karkatacciyar kafaɗa. Daren nan na farke shi, shafi 26. Uwar yarinyar da na kashe da wuri na maido ta da ranta, ashe duk nauyin labarin a wuyanta yake rataye. Shafukan kuma ban yar ba, suna nan cikin leda kusa da buhun ƙyalle, tela bai zubar da ƙyalle.

Af, Dogo ya yi aure fa! A Daura, bayan Sallah da kwana kaɗan, mun kwana biyu can har muka kalli hawan Magajiya. Ya ce in gaya maka gudummawarka tana nan bashi har da kai har jikokinka. Inna ma kullum sai ta tambaye ka, ƙafar ce dai har yanzu, amma da sauƙi.

Kai da ka gudu daga koyon ɗinki bayan sati uku ka tuna takardar buhun siminti? Yadda Maigida ke sa mu taka Butterfly ɗin nan ba zare, allura na huda takarda kawai, sai layi ya miƙe kafin a bari ka taɓa yadin mutane. Littattafai huɗu na makaranta na cika kafin wannan, kuma ban jin ciwon su yanzu, su ne takardar simintina. Sannan in ka kai mashi riga bai kallon gabanta, juya ta yake ya duba ciki. Keke zare biyu yake ɗinki da shi, na sama da ke cikin allura da na ƙasa da ke cikin kwarkwaro, in na ƙasa ya fi na sama tauri sama za ta yi kyau amma ƙasa duk ta cukurkuɗe. Labari ma akwai abin da mutane ke faɗi da abin da suka haɗiye, in ba su ja daidai ba mai karatu zai ji ƙaiƙayi ko bai san daga ina ba.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne awo. Ban taɓa yanka yadi ban san jikin da zai sa ba. Da nake rubuta ma jama'a kawai sai abin ya fito kamar rigar kanti, tana shiga kowa ba ta zauna ma kowa. Da na fara tunanin kai ne zaune kana saurare, na san inda za ka yi dariya da inda za ka ce kai malam taƙaita, sai hannuna ya saki. Awonka na ɗauka, shi ya sa kai za ka fara gwadawa.

Yaron Inna na buga mani shi a kwamfuta, ƙugiyoyin ƙ da ɗ ne ke ba shi wahala, amma ya ce Asabar zai gama. In na turo ka juya shi ka duba ciki, kar ka ji kunyata, inda ya matse ka faɗa. Kaftaninka ruwan toka ma na nan rataye tun bara, ka turo sabon awo don na ga hoto, tumbin nan ba na da ba ne.

Ka gaida Maman ɗiyata.

Naka,
telanka na Ƙofar Marusa