Ina sunan Paul Chambers a shirinku na jazz?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Shirinku na daren Asabar a kan Miles Davis ya ɓata mini rai, kuma ba zan ɓoye muku ba. Mai gabatarwa ya saka kiɗansa "So What", ya yabi busar Miles, ya ambaci John Coltrane mai busa da Bill Evans mai fiyano, ya wuce abinsa. Paul Chambers, mai kaɗa babban bes, ko sau ɗaya ba a kira sunansa ba. Haba jama'a!

Duk mai kunne ya san da an gama 'yar shimfiɗar farko, bes ne ke jan baki a kiɗan nan, fiyano da masu busa su yi masa amshi da sauti biyu kacal. A 1959, lokacin da aka naɗi Kind of Blue, faifan da kiɗan ke ciki, ba kasafai ake barin mai bes ya shige gaba haka ba. To ta yaya za a yi sa'a guda ana zancen faifan a manta da shi?

Abin ya fi yi mini ciwo ne saboda ni ma ina koyon wannan ƙaton abin kiɗa. A tsaye ake kaɗa shi, a jingine da jiki, tsirkiya huɗu masu kauri, wuyansa kuma babu layukan da jita ke da su, sai kunnenka ya nuna wa yatsa inda zai danna. Yatsuna biyu na dama sun yi bororo, sun fashe, kafin su yi kanta. Kuma a faifan Chambers nake ɗaukar darasi. Sai in mayar da wuri ɗaya in yi ta saurare, ina bin takunsa huɗu-huɗu, ba ya gaggawa, ba ya jan ƙafa, kowa a ƙungiyar a kansa yake tsaye. Idan ya ɗauki sandar gogawa kuwa, nan nake ajiye nawa in saurara kawai.

Chambers, yaron da ya tashi a Detroit, yana ɗan shekara 20 Miles ya ɗauke shi a 1955, suka yi aiki har 1963. Coltrane da kuka yi ta yabo ya san darajarsa, shi ya sa ya raɗa wa wani kiɗansa "Mr. P.C.", wato haruffan farko na sunan Paul Chambers. Tarin fuka ya yi ajalinsa a Janairun 1969, yana da shekara 33.

Sannan don Allah ku duba tallace-tallacen nan. Ƙararsu ta ninka ta shirin, mutum ya ƙara murya don ya ji kiɗa, sai talla ta fasa masa kunne da tsakar dare.

Ina roƙon a gyara wannan mantuwa ranar Asabar mai zuwa, a saka mana wani abu daga faifan Chambers mai suna Bass on Top na 1957, a faɗi sunansa da kyau.

Naku,
Mai sauraronku na kullum