Kafin a Goge Windows a Ɗora Linux, a Duba Katin Hoto

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in ja hankalin masu karatu, musamman ƴan'uwana na Damagaram da kewaye, kan wata matsala da ta fara yawaita a shagunan gyaran kwamfuta, wato lalacewar hoton allo bayan an ɗora Linux, wadda kuma nake ganin ana ɗora laifinta a inda ba nan yake ba.

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10, alhali Windows 11 da ya maye gurbinsa yana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da firosesar Intel daga zubi na 8 zuwa sama, wato abin da aka ƙera daga 2017. Mafi yawan kwamfutocin da ke hannun ɗalibai da ƙananan ma'aikata a nan Zinder kuwa na hannu ne, waɗanda ƴan kasuwa ke shigowa da su ta Kano da Legas da Kwatano bayan sun gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka, kuma da yawansu sun girmi wannan sharaɗi. Shi ya sa shawarar da ke yawo yanzu ita ce a goge Windows a ɗora Linux, wani tsarin aikin kwamfuta dabam, ko nau'insa na Ubuntu ko na Linux Mint, tunda kyauta ne kuma bai cika nauyi ba. Shawara ce mai kyau, ni ma ina bayar da ita. Sai dai masu bayar da ita sukan tsallake tambaya guda da ya kamata ta riga komai: wane katin hoto ne (wato sashen da ke zana abin da ake gani a allo) a cikin na'urar, kuma akwai manhajar direban da za ta tuƙa shi a sabon tsarin?

Wanda bai yi wannan tambaya ba yakan gamu da amsarta bayan aikin gama ya gama. An ɗora tsarin lafiya, an sake kunna na'ura, sai allo ya yi baƙi ƙirin ya tsaya. Ko ya kunnu amma rubutu ya fito manya-manya kamar an kumbura shi. Ko madannan ƙara haske da rage shi su daina aiki. Ko a rufe murfi a buɗe na'ura ta ƙi farkawa. Ko malami ya jona furojekta a gaban aji bango ya kasance fayau. Daga nan mai kwamfuta ya koma wurin mai gyara da faɗa, yana cewa an lalata masa kaya, shi kuma mai gyara, don ya rabu da rigima, ya mayar masa da tsohon Windows wanda ba ya samun kariya, a watse ana cewa Linux ba shi da amfani.

Direba ƙaramar manhaja ce da ke tsakanin babban tsarin aiki da wani sashe na na'ura, aikinsa irin na tafinta ne: tsarin ya faɗi abin da yake so a zana, direba ya mayar da shi harshen da katin hoto yake ji. A ɓangaren Windows, kamfanonin da ke ƙera katunan su ne ke rubuta direbobin da kansu tun kafin kaya su fita kasuwa, domin can cinikinsu yake. A ɓangaren Linux kuwa, abin ya danganta da halin kowane kamfani, kuma kamfanonin da suka mamaye wannan fage uku ne kacal.

Intel ya daɗe yana biyan ma'aikatansa su rubuta direbansa a buɗe, yadda kowa zai iya dubawa ya gyara, a cikin zuciyar Linux kanta, wato ainihin ɓangaren tsarin da ke sarrafa sassan na'ura, saboda haka na'urar da ke amfani da hoton Intel takan tashi da cikakken allo ba tare da an sauke komai ba. Har ma akwai abin mamaki: HD Graphics 3000 na shekarar 2011, wanda ke cikin ɗimbin tsofaffin Dell Latitude da HP EliteBook da Lenovo ThinkPad da ake sayarwa a garin nan, bai samu cikakken tallafin Windows 10 daga Intel a hukumance ba, amma yana aiki sumul a Linux har yau. Togaciya ita ce wasu ƙananan na'urori masu firosesar Atom da ke ɗauke da GMA 500 ko GMA 3600, waɗanda ainihin fasahar hotonsu ta wani kamfani ce dabam, kuma waɗannan ba su taɓa samun direba mai gamsarwa ba. AMD ma ya bi hanyar buɗewa, direbansa mai suna amdgpu ya shiga zuciyar Linux a 2015, tsofaffin katunansa kuma suna tafiya da wani buɗaɗɗen direba mai suna radeon.

Inda gizo ke saƙa shi ne NVIDIA. Shekara da shekaru wannan kamfani ya riƙe direbansa a rufe, shi kaɗai ke iya gyara shi, abin da ya sa Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiri Linux a 1991, ya fito fili a wani taro a Jami'ar Aalto ta ƙasar Finland a 2012 ya ce bai taɓa hulɗa da kamfani mai wuyar sha'ani kamarsa ba. Masu sa kai sun yi ƙoƙarin cike giɓin da wani direba mai suna nouveau, wanda suka gina ta hanyar lura da yadda katin ke aiki ba tare da cikakkun takardun kamfanin ba. Shi ne ke fara tashi idan an ɗora Ubuntu ko Mint, kuma sau da yawa yakan kunna allo, amma a katuna da dama ba ya iya ɗaga gudun katin zuwa cikakken ƙarfinsa, a wasu kuma shi ne sanadin baƙin allon da na ambata. Gaskiya ne cewa a watan Mayun 2022 NVIDIA ya buɗe wani ɓangare na direbansa, kuma daga 2024 ya mayar da wannan buɗaɗɗen ɓangare zaɓin farko, amma hakan ya shafi katunan GTX 16 da RTX 20 zuwa sama ne kawai, waɗanda kaɗan ne ke iya sayensu a cikinmu.

Abin da ya fi shafar mu shi ne makomar tsofaffin katuna. Kamfanin yana ware su rukuni-rukuni, ya ci gaba da kula da direban kowane rukuni na wani lokaci, sannan ya sake shi. Direba mai lamba 390 ya daina samun gyara a ƙarshen 2022, mai lamba 470 kuma a 2024, alhali zuciyar Linux ba ta tsayawa, kowane ƴan watanni sai an fitar da sabuwa, kuma direban da aka daina gyarawa yakan wayi gari ya kasa haɗuwa da ita. A ɗauki misalin ThinkPad T420 da Latitude E6420, na'urori biyu masu ƙarko da suka cika kasuwannin kayan hannu: wasu daga cikinsu suna ɗauke da katin NVS 4200M, wanda direbansa shi ne 390 ɗin nan, kuma ana samunsa a Ubuntu 22.04 amma babu shi a rumbun Ubuntu 24.04. Na'urori biyu masu suna ɗaya da kamanni ɗaya, ɗaya da Intel kaɗai, ɗaya da ƙarin katin, za su iya ba masu su labari biyu mabambanta.

Akwai kuma batun na'urori masu kati biyu, fasahar da NVIDIA ya fito da ita a 2010 da sunan Optimus, inda hoton Intel ke ɗaukar aikin yau da kullum, babban katin kuma ya farka idan an zo aiki mai nauyi. Idan direban bai zauna daidai ba, babban katin yakan kasance a kunne ko da ba a aiki da shi, yana shan batir yana fitar da zafi. A ƙasar sanyi wannan ƙaramin abu ne. A Zinder kuwa, inda zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, inda ƙurar hunturu ke toshe hanyar iskar fanka, inda kuma ɗauke wuta ke sa awa ɗaya ta batir ta zama dukiya, kati mai ci ba tare da aiki ba yana rage wa na'ura kwana. Mai ThinkPad irin wadda na ambata yana da sauƙi, domin yana iya shiga BIOS, wato saitin na'ura da ake shiga lokacin kunnawa, ya zaɓi hoton Intel shi kaɗai ya huta, amma ba kowace na'ura ce ke ba da wannan zaɓi ba.

Malam Edita, a nan nake ganin kasuwarmu ta juya abin a baibai. Mai saye yana ganin koren tambarin NVIDIA a gefen madannai sai ya ɗauka ya samu babbar na'ura, mai sayarwa kuma ya ƙara jikuna a kan farashi saboda tambarin. Ban ce katin ba shi da amfani ba; wanda ke haɗa bidiyo ko zanen gine-gine ko aikin taswira mai nauyi yana bukatarsa, kuma sabon katin NVIDIA da direbansa na yanzu yana aiki da kyau a Linux. Amma ɗalibin da bukatarsa ita ce rubuta kundin kammala karatu da koyon rubuta manhaja da shiga intanet, idan ya ƙara kuɗi don katin da ya haura shekara goma, wahala ya saya, domin katin bai fi hoton Intel na ƴan shekarun baya da komai ba, ga shi kuma wanda ya ƙera shi ya riga ya sake shi.

Ko da katin yana cikin waɗanda ake tallafawa, da sauran tarko. Tun zamanin Windows 8 a 2012 kwamfutoci ke zuwa da tsarin Secure Boot, wanda ke hana duk wani direban da ba shi da hatimin amincewa tashi. Yayin ɗora direban, wani lokaci akan nemi mutum ya ƙirƙiri kalmar sirri, sannan a kunnawa ta gaba wani shuɗin allo ya fito yana neman a shigar da ita don na'urar ta amince da direban. Mutane da yawa sukan tsorata su wuce shi, daga nan direban ya ƙi tashi ba tare da wani bayani ba. Sannan direban kansa yana cin ɗaruruwan mega, faifan Ubuntu 24.04 kuma ya kusa giga 6, wanda ba ƙaramin kuɗi ba ne ga mai sayen intanet a waya, kuma idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabuntawa a na'urar da batirinta ya mutu, ana iya tashi da sabuwar zuciya babu direba. Wannan na ƙarshe yana da magani mai sauƙi, wato a zaɓi tsohuwar zuciyar daga jerin da ke fitowa lokacin kunnawa, amma sai wanda ya sani.

Kada a ɗauka Linux kaɗai abin ya shafa. Masu nacewa sai an mayar musu da Windows 7 a na'urar da ke da firosesar Intel zubi na 7 zuwa sama su ma sukan rasa direban hoto na hukuma, haka kuma wanda ya sayi MacBook mai guntun M1 na 2020 ko abin da ya biyo baya da niyyar ɗora Windows ta manhajar Apple mai suna Boot Camp zai tarar babu wannan ƙofa, domin ta tsaya ne a kan masu firosesar Intel.

Abin da ya sa nake ganin wannan asara ba ta da dalili shi ne Linux yana ba da damar da Windows bai saba bayarwa ba: ana iya tayar da shi daga kilen USB a gwada ba tare da an taɓa abin da ke cikin na'ura ba. Cikin ƴan mintoci mutum zai ga ko allo ya cika daidai, ko haske yana raguwa, ko bidiyo yana tafiya ba tare da fanka ta yi ta kururuwa ba, ko mashigar HDMI ko VGA tana fitar da hoto, ko na'ura tana farkawa bayan an rufe murfi, ya kuma duba Wi-Fi tunda shi ma yakan ba da irin wannan ciwon kai. A Linux, umarnin lspci yana nuna sunan katin, haka ma Gestionnaire de périphériques ga wanda Windows ɗinsa yake da Faransanci. Idan allo ya yi baƙi tun a gwajin, akwai zaɓin tashi da hoto mai sauƙi a jerin farko na Ubuntu, ko a ƙara kalmar nomodeset a umarnin tashi, a shiga a ɗora direban da ya dace daga sashen ƙarin direbobi, wato Pilotes additionnels. Sai dai a sani wannan hanyar shiga ce kawai, ba wurin zama ba, domin tana kashe ƙarfin katin.

Saboda haka ina kira ga masu sayar da kwamfuta a Kasuwar Dole da sauran shagunan gari da su riƙa faɗin sunan katin hoto kamar yadda suke faɗin girman RAM da faifai, su kuma bar mai saye ya gwada da kilensa kafin ya biya. Masu gyara su ma su yi gwajin a gaban mai kaya, su kwafe masa takardunsa, kafin su goge komai. Ɗaliban Jami'ar André Salifou da malamansu masu sha'awar wannan fanni kuwa suna iya yin aikin da babu wanda zai yi mana shi daga waje: su tattara jerin nau'o'in kwamfutocin da aka fi sayarwa a Damagaram da Maraɗi da Kano, su rubuta a gaban kowace wane Linux ne ya zauna a kanta lafiya da wanda ya ƙi, cikin Hausa da Faransanci. Idan aka samu wannan jeri, ina roƙon jaridarka ta ba shi shafi, ta kuma riƙa sabunta shi duk lokacin da sabon Ubuntu mai dogon tallafi ya fito, wato watan Afrilu na kowace shekara biyu.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Wani malamin koyar da kwamfuta,
Unguwar Zango, Zinder, Jamhuriyar Nijar