A Auna Ƙarfe da Mai Ɗaga Shi, Dattijo Ne ko Saurayi

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan wuraren ɗaga ƙarfe da suke ta ƙaruwa a Birnin Kebbi da Jega da Argungu, musamman yadda ake zaɓa wa mutum nauyin da zai ɗaga. Ni malamin motsa jiki ne da ya yi ritaya daga makarantun sakandare na jihar nan, kuma duk da na haura sittin da biyar ban bar ƙarfe ba. Kuskure biyu nake gani a wuraren nan. Saurayi yana ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsa, dattijo kuma ana miƙa masa abin da ko taɓa tsokarsa ba zai yi ba. Na biyun ya fi damuna, domin ba wanda yake ganin laifinsa. Ladabi ake ɗaukarsa.

Duk wanda ya leƙa irin waɗannan wurare ya san kayan aikinsu: siminti da aka zuba a gwangwanin fenti aka soka rodi, tsofaffin ƙarafan mota daga garejin makanikai, da benci na katako a inuwar dogon yaro. Ban raina su ba, tsoka ba ta san kuɗin ƙarfe ba. Matsalar ita ce ba wanda ya san kilo nawa ne a jikin rodin. Akwai "ƙarami", akwai "babba", shi ke nan. Sabon shiga ya ga abokinsa ya ɗaga babban, sai ya ce shi ma mi zai hana shi. Dattijo kuwa da ya kai hannu, wani yaro mai tarbiyya zai rugo ya ce, "Baba, wanga ba naka ba na, ga ƙaramin can." Ni kaina an sha faɗa mini haka, kuma na san da zuciya ɗaya ake faɗa.

Masana harkar nan da ƙarfin mutum suke auna nauyi. Suna duba mafi nauyin abin da zai iya ɗagawa sau ɗaya tak ba tare da ya karkace ba, su ɗauke shi kashi 100, sannan su yanka masa rabon atisaye daga ciki. Shawarar da Kwalejin Likitancin Wasanni ta Amurka ta fitar a 2011 ta ce sabon shiga ya yi aiki da kashi 60 zuwa 70, wanda ya goge ya kai 80 ko sama, dattijon da yake farawa kuma ya soma da kashi 40 zuwa 50. A lura da kyau, an ce ya soma. Ba a ce ya dawwama a nan ba. Saurayin da iyakarsa kilo 80 ce zai fara da kamar kilo 50. Dattijon da iyakarsa kilo 30 ce zai fara da 12 zuwa 15, bayan wasu watanni ya kai 20 ko 24. Kilo ɗinsu ya bambanta ƙwarai, amma a ƙarshe kowannensu yana aiki ne da kaso mai tsoka na ƙarfin da Allah ya ba shi.

Sai dai ba na ba kowa shawarar ya je ya gwada iyakarsa a ranar farko, balle dattijo. Kuma lissafin kashi yana da nasa yaudara. A ba mutum biyu kashi 80 na ƙarfinsu, ɗaya ya ɗaga sau takwas ya tsaya, ɗayan ya wuce goma sha biyu. A jikin mutum guda ma, cinya takan jure maimaici fiye da damtse. Don haka hanyar da nake koyarwa ta ƙirga ce, wadda ba ta buƙatar sikeli. Ka ɗauki nauyi, ka ɗaga sau goma a tsanake, bayanka a miƙe, sannan ka tambayi kanka tsakaninka da Allah: saura nawa zan iya? In saura biyu ko uku, nauyin naka ne. In kana jin za ka ƙara goma, ya yi maka sauƙi. In tun a na shida ka fara lanƙwasa ƙugu kana fizga, ajiye shi ka nemi na ƙasa da shi. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Gunnar Borg, ya tsara ma'aunin jin wahala da ake amfani da shi a asibitoci, kuma akwai nau'insa da ke tashi daga sifili zuwa goma. Dattijo ya fara a wajen 5 ko 6, ya hau zuwa 7 ko 8 idan jiki ya saba. Abin da na lura shi ne sabon shiga yakan ce saura biyu alhali saura shida, don bai san bambancin gajiya da ƙarewar ƙarfi ba tukuna. Wannan sai da ido na mai koyarwa.

Yanzu bari in tsaya a kan dattawa, don saboda su na ɗauki alƙalami.

Tsokar ɗan Adam tana fara raguwa tun daga wajen shekara 30, kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara goma, kuma bayan 60 raguwar tana ƙara sauri. Mu ba a takarda muke ganin wannan ba. Muna ganinsa a masallaci, lokacin da mutumin da ya yi shekara hamsin yana tashi daga sujada ba tare da tunani ba ya fara dafa ƙasa da hannu biyu, daga baya ya koma kujera a ƙarshen sahu. Muna ganinsa wajen tashi daga tabarma, da hawa babur, da shiga masai na tsuguno, abin da dattijo ba zai faɗa wa 'ya'yansa ba saboda kunya. Ku kwatanta tsohon da har yau yake shiga fadama yana ɗaukar dami da sa'ansa ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya ya zauna a ƙofar gida. Shekarunsu ɗaya, ƙafafunsu ba ɗaya ba. Iyayenmu mata kuwa abin ya fi muni. Matar da ta yi rayuwarta tana daka da jan guga, da 'ya'ya suka samu hali sai a ce, "Hajiya ki huta, yara za su yi." Niyya mai kyau ce, amma cikin 'yan shekaru sai ka ga ana kama ta kafin ta miƙe.

Wasu za su ce tsufa ba shi da magani. Gaskiya ne ba a mayar da shekaru baya, amma tsoka tana amsa kira har ƙarshen rayuwa. A 1990 wata likita mai suna Maria Fiatarone da abokan aikinta suka wallafa binciken da suka yi a wani gidan kula da tsofaffi a Boston ta Amurka. Mutum goma ne, shekarunsu daga 86 zuwa 96, duk raunana. Suka sa su ɗaga nauyi da ƙafa sau uku a mako har mako takwas, kuma bayan makon farko nauyin ya kai kashi 80 na iyakar kowannensu. Tara da suka kammala, ƙarfin ƙafarsu ya ƙaru da kashi 174 cikin 100 a matsakaici, tsokar cinyarsu ma ta ƙara kauri. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne ba nauyin wasa aka ba su ba. Da likitocin sun ji tausayi irin namu sun ba su abin da bai kai ya kawo ba, da ba a ga wannan sakamako ba. Manomin shinkafa ya san haka a kan taki: in ya yi kaɗan ba ka ga komai a gona ba, in ya yi yawa ya ƙone shuka.

Na san a garuruwanmu ɗaga ƙarfe yana da sunan aikin zauna-gari-banza, kuma wannan na hana mutanen kirki kusantarsa. To a sani, tsarin ƙara nauyi sannu a hankali a asibiti ya samu gindin zama. Wani likitan sojan Amurka, Thomas DeLorme, shi ya bayyana shi a 1945 wajen jinyar sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a ƙa'idojinta na 2020 ta ce kowane baligi ya yi aikin ƙarfafa manyan tsokoki aƙalla kwana biyu a mako, waɗanda suka kai 65 kuma su haɗa ƙarfi da atisayen daidaita tsayuwa kwana uku ko fiye, don rage faɗuwa.

Inda dattijo ya bambanta da saurayi shi ne wajen shiga da wajen hutu. Ya fara da nauyin da zai maimaita sau 10 zuwa 15, ya yi makonni kafin ya ƙara, ya bar kwana biyu tsakanin aiki da aiki a kan tsoka ɗaya. Mai hawan jini, ko ciwon zuciya, ko ciwon suga, ko ƙaba, ya fara ganin likita. Kuma kada ya riƙe numfashi. A 1985 masu bincike a Kanada sun auna hawan jinin matasa masu ɗaga ƙarfe suna tura nauyi mai tsanani da ƙafa, suka ga na wani ya kai 480 bisa 350 na ɗan lokaci. Yunƙuri da rufe maƙogwaro na cikin abin da ke harba shi haka. Ka fitar da numfashi yayin ɗagawa, ka shaƙa yayin saukewa. In ba za ka iya hakan ba, nauyin ya yi maka yawa. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Sukar da ke cikin gwiwa ko kafaɗa, da jiri, da ciwon ƙirji, waɗannan alamun tsayawa ne nan take.

Ba dole sai an je gidan ƙarfe ba. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, saboda haka jarka ma'auni ce da ke kowane gida. Dattijo ko dattijuwa su zauna a kujera mai ƙarfi, su miƙe ba tare da dafa komai ba, su koma a hankali. Ranar da sau 15 ya zama da sauƙi, a rungumi jarka mai lita 3 ko 5 a ƙirji. Ranar da wannan ma ya yi sauƙi, a ƙara lita ɗaya. A haɗa da tura bango da hannu, da ɗaukar jarka a kowane hannu a zaga tsakar gida. A kuma ci abin gina jiki, wake da kifi da nono da ƙwai, waɗanda Kabi ba ta rasa ba.

Samari kuma, 'ya'yana, ga taku. A makonnin farko ƙarfi yakan hau da sauri, domin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne suke koyon aikin kafin tsoka ta yi kauri. Wannan saurin yana ruɗin mutum ya yi ta lodi, alhali igiyoyin da suka ɗaure tsoka da ƙashi ba sa ƙarfafa da wannan hanzari. A nan kafaɗa da ƙugu suke lalacewa. Ƙa'idar ƙari ita ce, idan ka wuce adadin da ka sa wa kanka da ɗaya ko biyu a zama biyu a jere, ka ƙara kashi 2 zuwa 10 cikin 100, ba ninki ba. Ba sai ka ɗaga har hannu ya mutu kullum ba kafin ƙwanji ya fito. Ku kula da zafin Maris da Afrilu da ke wuce digiri 40 a nan, ku sha ruwa, kuma da azumi a rage nauyi a koma bayan buɗa baki. Wanda ya yi aiki mai tsanani ya ga fitsarinsa ya yi duhu kamar baƙin shayi, ga kumburin tsoka, ya nufi asibiti a ranar, domin ƙoda ce ke cikin haɗari. Masu shan Tramadol kafin su hau benci kuwa, ina roƙonku da girman Allah ku daina. Ciwo shi ne yake gaya maka nauyi ya wuce ka, in ka kashe shi da ƙwaya ba abin da zai tsayar da kai sai rauni.

Roƙona ga masu gidajen ƙarfe ba mai tsada ba ne. Ku ari sikelin masu awon shinkafa, ku auna kowane dutsen siminti da kowane rodi, ku rubuta kilonsa da fenti. Ku sa mai walda ya yanko muku ƙananan faranti na kilo ɗaya da biyu, don mutum ya daina tsalle daga 20 zuwa 40. Ku ware wa dattawa sa'a guda bayan sallar asuba kafin rana ta ɗaga, a samu wuri mai sutura da mace mai koyarwa domin iyayenmu mata. Ku kuma, Edita, ina fata shafinku na lafiya zai gayyato likitocin gashin ƙashi da ke asibitocin jihar nan su yi wa jama'a bayanin wannan da hotuna, yadda wanda ke Kamba ko Yauri ko Zuru zai iya bi a tsakar gidansa.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Tsohon malamin motsa jiki,
Birnin Kebbi, Jihar Kebbi.